Amsa ga mai tambaya kan Hajiyarsu: shin maganin damuwa yana kare mutum daga ciwon mantuwa?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Hajiya lafiya. Kin ce shekarunta 68, tun da ta fita takaba ta daina fita unguwa, abinci sai an matsa mata, tana yawan manta inda ta ajiye abu, kuma kin ji an ce zama da masanin halayyar ɗan'adam yana hana gigin tsufa, wato ciwon mantuwa.

Maganar tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri. Masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan sun bi bayanan mutum kusan 120,000 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka yi wa jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa a Ingila tsakanin 2012 da 2019. Waɗanda damuwarsu ta ragu sosai, haɗarin kamuwarsu da ciwon mantuwa daga baya ya yi ƙasa da kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu sauƙi ba. A 2023 sun fitar da irin wannan sakamako kan masu ciwon fargaba, a can ragin ya kai kashi 17. Ki lura da su wa aka kwatanta: duka ɓangarorin biyu sun je jinya, bambancin shi ne wasu sun warware, wasu ba su warware ba.

A nan gizo yake saƙa. Ciwon mantuwa yana fara cin ƙwaƙwalwa shekaru da dama kafin a gane shi, kuma sau da yawa da damuwa yake fara sallama. Binciken Whitehall na ma'aikatan gwamnatin Birtaniya, wanda ya bi mutane shekara 28, ya gano alamun damuwa suna hauhawa ne a cikin kimanin shekaru goma kafin a tabbatar da ciwon. To mai yiwuwa wasu daga cikin waɗanda jinyar ba ta yi wa aiki ba, dama ciwon ya riga ya kama su, shi ya hana su riƙe abin da ake koya musu ko zuwa a kan lokaci. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsa na 2024 ya sa damuwa cikin abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda gaba ɗaya suke da hannu a kusan kashi 45 na masu ciwon, amma kason damuwa ita kaɗai 3 ne, raunin ji yana da 7. A ganina a yi wa Hajiya magani domin ta dawo da barcinta da cin abincinta, idan an samu kariyar ƙwaƙwalwa riba ce a kai.

Kafin komai a tantance me ke damunta. Mai damuwa ita take ƙorafin mantuwa, in an tambaye ta abu ta ce "ban sani ba, ku ƙyale ni", kuma iyali suna iya nuna watan da abin ya fara. Mai ciwon mantuwa kuwa a hankali yake shigarta, tana musun ta manta, tana maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, lissafin cefane yana ruɗe mata, wata rana ta ɓata a layin da ta yi shekara talatin tana bi. Ana iya samun biyun tare. In kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, musamman da zazzaɓi ko zafin fitsari, wannan na gaggawa ne, asibiti a ranar. Haka in kika ji tana cewa gara ta mutu ta huta.

Likita zai auna hawan jini, suga, yawan jini, sinadarin B12 da aikin thyroid (ƙwayar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo), a duba ido da kunne. Tsohuwar da ba ta ji sosai takan janye daga hira, a ɗauka mantuwa ce. Akwai kuma magungunan da su da kansu suke dusashe tunani: amitriptyline da ake yawan bayarwa don barci ko zafin ƙafa, diazepam na kwantar da hankali, da Piriton na mura. Metformin na masu suga in an daɗe ana sha yana rage B12. Kada ku tsayar mata da ko ɗaya da kanku, diazepam musamman sai a hankali ake janye shi.

Ita jinyar tattaunawa ta bambanta da nasiha da "ki yi haƙuri", duk da waɗannan ma suna da muhallinsu. Tana da ma'auni. Ana fara cike takardar auna damuwa mai suna PHQ-9, tambaya tara, maki daga 0 zuwa 27. Daga 10 zuwa sama ana ɗauka akwai ciwon damuwa, kuma a tsarin Ingila sai maki ya sauka da 6 ake cewa an samu sauƙi na haƙiƙa. Zama sau ɗaya a mako, kamar minti 50, yawanci 6 zuwa 12, wani lokaci har 20. Abin da ya fi karɓar dattawa shi ne a mayar da su kan ayyukansu tun kafin sha'awar ta dawo, domin jira sai ta ji daɗi kafin ta fita shi ne tarkon ciwon. Ana rubutawa ƙanana: bayan asuba ta zauna a tsakar gida minti goma ta watsa wa kaji tsaba, Talata ta leƙa maƙwabciya, Asabar jika ya raka ta Islamiyya. Kowane aiki ta ba shi maki daga 0 zuwa 10 na yadda ta ji, a mako na gaba a ƙara ɗaya.

Inda ake yin kuskure shi ne 'ya'ya su karɓe mata komai don tausayi, girki, tsintar wake, har riƙon kuɗin cefane, ta wayi gari ba ta da abin tashi dominsa. Sai kuma a daina zuwa bayan zama biyu wai ba a ga canji ba, ko babban ɗa ya shiga ɗakin likita ya riƙa amsawa a madadinta. A bar ta ita kaɗai ko da rabin lokacin ne, akwai maganar da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba.

Masu wannan jinya sun yi ƙaranci a wajenmu, amma ana samunsu a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. In damuwar ta yi nauyi ana haɗawa da ƙwaya irin sertraline, ga tsofaffi akan fara da miligiram 25 kafin a kai 50. Tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin aikinta ya fito sosai, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke, kuma tana iya rage gishirin jini a makonnin farko, don haka jiri ko sabuwar ruɗewa a koma wa likita.

Bayan wata uku a sake cike PHQ-9. In maki ya sauka kuma mantuwar ta ragu, damuwa ce. In ta dawo da fara'arta amma har yanzu tana ɗora tukunya ta manta, a nemi gwajin ƙwaƙwalwa na musamman. Ranar zuwa asibiti ki zuba duk magungunanta a leda ɗaya, har na gargajiya da na kemis, ki tafi da takardar da kika rubuta abubuwan da ta manta cikin mako biyu da ranakunsu.