Amsar Kawu kan yawon amarci a Fulorens

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar. Na karanta na yi dariya, daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a wuya. Wai kana tambaya ko al'ada ta hana ango ɗaukar amaryarsa washegarin kai ta ɗaki su hau jirgi zuwa Italiya, birnin Fulorens, yawon amarci, tunda mako biyu kacal aka ba ka hutu, kuma ka ji kawunka ya tsufa a fataucin fata ya san yankin. Anya al'adar kake tambaya, ko takardar izini kake nema ka kai wa mahaifiyarka?

Mu da muka taso, kwana bakwai na farko ba a taɓa su. Shari'a ta ba budurwa kwana bakwai, bazawara uku, al'ada kuma ta cika kwanakin da hidima: sayen baki, buɗar kai, ƙawaye na shige da fice, dangin ango na zuwa ganin jere, a rufe da kawo gara. Amarya ba ta ɗora tukunya, ko zaure ba ta leƙawa. Kakarka, Allah ya jiƙanta, cewa take amarya dashe ce, wanda ya kafa dashe yau ba ya tuge shi gobe, sai ya bari ya kama ƙasa.

A unguwarmu, tun ana kashe fam da sule, an yi wani ango ma'aikacin reluwe da aka yi wa canjin aiki zuwa Nguru ana tsakiyar biki. Kunya ta hana shi faɗa wa surukansa. Ranar da za a kawo gara, da asuba, ya fito da amarya a lulluɓe da akwati ɗaya suka nufi tasha. Hantsi na yi sai ga mata kusan talatin a jere, mai guɗa a gaba, fantekoki a ka cike da alkaki da nakiya da dubulan, ƙwaryar man shanu, buhunan gero da shinkafa a kura yara na turawa. Suka sha kwana suka ga ƙaton kwaɗo a ƙofar gida. Guɗar nan a rabi ta katse. Babbar gwaggon amarya ta ce a sauke kaya a nan, gara ba ta komawa gida, kuma ba za ta shigar da ita gidan iyayen ango ba sai an gaya mata inda aka kai mata 'ya. Haka suka zauna a gindin katanga har rana ta take, man shanu ya narke yana bin ƙwarya, ƙudan zuma ya yanyame alkaki, yara sun yi cirko-cirko suna haɗiyar yawu. Sai bayan azahar mai unguwa da liman suka zo da mahaifin angon, ya cire hula ya ba da haƙuri a gaban mata, abin da dattijo ba ya yi. Auren bai mutu ba, sun hayayyafa. Amma har ya yi furfura, a dangin matar nan ba a kiransa sai mai kwaɗo, kuma duk ranar da ya kawo ƙararta sai a ce, to ai kai ka san inda ka kai ta.

Ku yanzu kun ƙara wa biki kwanaki a gaba, wannan liyafa da waccan, mai hoto na biye da ku kamar jela, sannan kwanakin da ke bayan kai amarya, waɗanda a cikinsu ne dangi biyu ke sanin juna, su kuke neman yankewa. To, a bar wannan.

In dai tafiyar ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Shengen, wato ta shiga Italiya da yawancin ƙasashen Turai, ake nema, kuɗinta yuro 90 kowane mutum ban da na ofishin karɓar takardu, ana iya nema tun saura wata shida, kuma amsar da aka ce kwana 15 tana iya kaiwa 45. Fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowa da shafi biyu babu komai, ga inshorar lafiya ta yuro 30,000, ga takardar otal da tikitin dawowa da bayanan banki. Inda masu sabon aure ke faɗuwa wuri biyu ne. Na farko, ɗaurin aurenmu na waliyyai ne da shaidu da goro, su kuwa takarda suke so, in babu shaidar aure a rubuce ba su san ta a matsayin matarka ba, sai ta nuna nata kuɗin da nata dalilin dawowa. Na biyu lalle. Ana ɗaukar zanen yatsu goma, lallen da ya kama sosai yana hana na'ura karantawa, a ce ku dawo in ya goge. Ka lissafa da kanka ko duk wannan zai shiga tsakanin ɗaurin aure da washegarin kai amarya.

Kada a cusa muku kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, ƙwacewa ake yi. Humra ta tafi cikin babban akwati. Turaren wuta kuwa ta haƙura da shi, akwai na'urar hayaƙi a rufin ɗakin otal, garwashi ɗaya ya isa ya fito da mutanen bene gaba ɗaya cikin kayan barci. Ka sayi mahaɗin soket mai baki zagaye. Buta ba dole ba ce, banɗakunansu na da wata 'yar tasa mai famfo kusa da masai, ta tsarki ce.

Yawanci a Rum ake sauka. Daga filin jirgin Fiumicino jirgin ƙasa na kai ku tashar Termini cikin minti 32, daga can mai sauri ya kai Fulorens cikin kamar awa ɗaya da rabi. A tikiti ba za ka ga Fulorens ba, Firenze suke rubutawa, kuma tashar da kake so ita ce Santa Maria Novella, daga ita ake shiga tsohon gari da ƙafa. In ka sayi tikitin takarda na ƙaramin jirgi, misali zuwa Pisa, ka buga shi a na'urar bakin dandali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce, mai duba tikiti ba ruwansa da baƙunta. Mota kada ka yi haya. Tsakiyar garin an hana motar baƙo, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tarar ta biyo ka gida bayan watanni. Otal zai karɓi harajin kwana a kan kowane mutum, gidan abinci kuma zai ƙara abin da suke kira coperto, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

Abinci shi ne abin da na fi jiye muku. Mutanen Toskana, yankin da Fulorens take, masu son alade ne. Ka haddace waɗannan: maiale, prosciutto, salame, pancetta, guanciale, lardo, da cinghiale wato aladen daji. Akwai kuma strutto, kitsen alade ne da ke ɓuya cikin wasu burodi da kayan zaƙi, sai ka tambaya. Miyar nama sau da yawa da giya ake dafa ta. Ku tsaya kan kifi, da taliya mai tumatir, da fiza mai cuku da tumatir zalla, da ribollita, faten wake da kabeji da burodi, ita ma ka tambaya ko da romon nama aka yi. Burodinsu lami ne, babu gishiri, haka suke yin sa, kada amarya ta ce an manta. Akwai masu sayar da naman halal kusa da tasha, masallacin Juma'a kuma yana wajen Piazza dei Ciompi. A watan Yuni sai wajen tara na dare ake magariba. Yuli da Agusta zafi da cunkoso, tsakiyar Agusta ma shaguna da yawa a rufe. Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi.

Garin kansa ƙarami ne, kwana uku ko huɗu sun isa. Babbar majami'arsu an fara ta a 1296, ƙubbarta ta jan bulo maginin nan Brunelleschi ya gama ta a 1436, matakala 463 ce zuwa sama, babu lifta, hanya matsattsiya, kuma sai an kama lokaci tun kafin ranar. Kada ka ja yarinyar da ta yi mako tana hidimar biki ka ce ta hau da takalmi mai tsini. Ba a shiga majami'a da kafaɗa ko gwiwa a waje, a nan dai tamu ta fi 'yan garin cika sharaɗi. Gidajen tarihi na Uffizi da Accademia a rufe suke ran Litinin. Ka sani tun yanzu gumakansu tsirara suke, har wanda masassaƙinsu Michelangelo ya gama a 1504, mai tsayin fiye da mita biyar, akwai kwafinsa a tsaye a fili a Piazza della Signoria, babu yadda za ku kauce masa. Kai da amaryar da ba ta gama iya kallon idonka ba, ku san inda za ku sa naku idon. Da yamma ku haura Piazzale Michelangelo, daga can ake ganin garin duka da kogin Arno.

Tsohuwar gadar nan, Ponte Vecchio, ta 1345 ce. Da mahauta ne a kanta, a 1593 sarkin garin daga gidan Medici ya kore su saboda wari ya zuba maƙeran zinariya, har yau su ne a wurin. Ka bi da ita ta can da safe kafin su buɗe, in kana son aljihunka. Masoya kan maƙala kwaɗo a ƙarfen da ke tsakiyar gadar su jefa mabuɗi a ruwa, hukuma ta hana, tara take ci. Ka ga ko a can kwaɗo bai yi wa ango rana ba.

A kasuwar San Lorenzo za a yi ta tura maka jaka ana cewa vera pelle, wato fatar gaske. Ka juya bayan fatar: ta gaske gashi-gashi ce, ta jabu yadi ne aka manna wa roba, kuma hanci ba ya ƙarya. Ana ciniki a rumfa, ba a yi a shago. Jakar da aka shimfiɗa a ƙasa da sunan babban kamfani kada ka taɓa, mai saye ma ana cin sa tara. Yawancin majemarsu na Santa Croce sull'Arno, kan hanyar Pisa, kuma fatun awaki da tumaki daga Kano na shiga majemun Italiya. Jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kiran fatarta ta Maroko, don ta can ayari ke fitar da ita, wataƙila ita za ka sayo wa amaryarka da yuro.

Maganar kwana bakwai kuwa, ni kawu ne, ba ni ke karɓar gara ba. Ka je ka sami gwaggonka babba, ka durƙusa ka gaya mata ranar da ke kan tikitinka da bakinka, ban da waya. Abin da ta ce maka ka rubuto mini. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ban ce ka tafi ba.