Kun Tambaya: An ce maganin yara kyauta ne, don me ake ba mu takardar saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga wani ƙauye a yankin Dakoro. Muna ji a rediyo wai yaron da bai cika shekara 5 ba ana yi masa magani kyauta. Amma sau biyu ina kai ɗana likita da zazzaɓi, sai a rubuto mini odonas a ce in je in saya. Ƙanwata da ke aure cikin garin Maraɗi ta ce su ana ba su. Da gaske akwai doka, ko kowace jaha da tata?

Amsa: Wa alaikis salam Malama, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Dokar tana nan, kuma guda ce daga Dakoro har Diffa. A Nijar jaha ba ta yin dokar kanta kamar yadda jihohin Najeriya ke yi. Daga Yamai take fitowa, jaha da gunduma su aiwatar. A ƙarshen 2005 aka ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa. A 2006 aka haɗa da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara daga haihuwa har wata 59. Tun 1 ga Satumba 2024 kuma an rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, aka mayar da haihuwa kyauta. Duk wannan bai shafi asibitin kuɗi ba.

To me ya kawo bambanci tsakaninki da ƙanwarki? Kyautar nan bashi ce da gwamnati ta ɗauka. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin, zai duba yaro ya ba shi magani daga shagon asibiti, ya rubuta sunansa a rajista. Ƙarshen wata a tara lissafi a tura gunduma, gunduma ta tantance ta miƙa gaba, har takarda ta isa inda ake biya. Da kuɗin da suka dawo ne asibiti ke sayo sabon magani. In biyan ya makara wata da watanni, kamar yadda ya sha faruwa tun farkon tsarin, sai shagon magani ya bushe. CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, na cikin gari yana da manya masu biya da yawa, yana samun abin juyawa. Na ƙauye kuwa galibin masu zuwa yara ne da masu ciki, wato waɗanda ba su biya, don haka shi ke fara durƙushewa. Wannan ne ya fi ci mana rai: inda aka fi bukatar dokar, nan ne ta fi saurin gajiya. Saboda matsalar biyan ne aka kafa INAM, hukumar ƙasa ta tallafin jinya, ta riƙa kula da lissafin.

Ga abin da za ki yi. Ki riƙa tafiya da karnen yaro, wato katin lafiyarsa, don shi ne shaidar shekarunsa. Uwaye da yawa suna biya ne kawai don babu abin da ke nuna yaron bai cika 5 ba. In zazzaɓi ne, ki nemi a yi gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. In ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ki tambaya ko akwai maganinsa a asibitin, domin shi ta shirin yaƙi da zazzaɓi na ƙasa yake zuwa, sau da yawa ana samunsa ko da sauran sun ƙare. Kwana 3 ake sha, safe da yamma, kuma kada a tsaya don jiki ya yi sanyi a kwana na biyu. In an rubuta odonas, ki ce a nuna miki wanne ne babu, wanne ne dole. In kuma aka karɓi kuɗi a hannunki, ki nemi rasit.

Kowane CSI yana da kwamitin mutanen gari da ake kira COGES, masu sa ido kan kuɗi da magani. Su ne ƙofar farko ta kai kuka, sannan likitan gunduma da ofishin magajin gari. Kukan mata goma da suka rubuta ranar da aka ce babu magani ya fi na mutum ɗaya nauyi. A yi shi da ladabi, don sau tari majon shi ma jira yake.

Da damina kada ki bari masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi su wuce gidanki. Na yara ne daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata. Kashin farko a gabansu ake sha, na kwana biyu da ke biye ke za ki ba shi, kuma a nan ne aka fi sakaci.

Tambaya: Matata na da ciki wata 8, muna nesa da Tasawa. In tiyata ta kama, har mota kyauta ce?

Amsa: Malam, tiyatar dai kyauta ce. Mai na ambilans kuwa ya danganta da tsarin gundumarku. Wasu wurare suna da asusun da ake tara kuɗi kaɗan-kaɗan don jigilar gaggawa, wasu kuma iyali ke zuba mai. Ka tambayi ungozoma tun a awo na gaba, ka karɓi lambar wayar majo, ka ajiye kuɗin hanya, ka kuma shirya ƴan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. CSI ba ya yin tiyata, sai asibitin gunduma mai ɗakin tiyata ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, kuma da takardar turawa daga CSI ake zuwa. Zubar jini, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba a kwana da su a gida. In hanyarku tana yankewa da ruwa, gara ta koma wurin dangi kusa da asibiti tun watan tara ya kama.