Za a iya kai 'yan bindigar Madarunfa kotun Heg?

Malam, ka tambaya ko dangin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a ƙauyukan Madarunfa, a jihar Maraɗi ta Nijar, za su iya shigar da ƙara a kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke birnin Heg. Allah ya jiƙan mamatan.

Mutum ba ya shigar da ƙara a can da kansa. Sashe na 15 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ya ba shi damar aika bayani ga ofishin mai gabatar da ƙara kawai, shi kuma ya duba. Laifi huɗu kotun ke saurara: kisan ƙare dangi, laifin yaƙi, cin zarafin bil'adama da mamayar wata ƙasa. Satar shanu da garkuwa don kuɗin fansa ba su cika shiga ciki ba, sai an nuna farmaki ne mai tsari a kan farar hula. Kuma kotun ba ta sa baki sai kotunan gida sun kasa ko sun ƙi.

A ganina, ƙarfinku ya tafi wajen shaida, don nan ƙararraki ke mutuwa. Ku kai rahoto jandarma da wuri, ku karɓi takardar likita kan kowane rauni, ku rubuta rana, lokaci da sunan wanda ya gani da idonsa tun bai manta ba. Bidiyo ya zauna a wayar da ta ɗauka. Wanda ya bi ta WhatsApp yakan rasa bayanan ranar da wurin da aka ɗauke shi, lauyan wanda ake tuhuma ya ce na wani gari ne.