Ga ƙanwata mai zuwa karatu Manchester da cutar siliyak

Wa alaikumus salam ƙanwata, na ga saƙonki, kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a Manchester amma likita ya tabbatar kina da siliyak, cutar nan da hanji ba ya jure gulutin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir, kina tsoron inda za ki riƙa cin abinci. Allah ya sanya alheri a karatun. Ni ma 'yata ta biyu cutar nan ke gare ta, shi ya sa na ce bari in amsa miki da kaina.

Ta ɓangaren doka kam babu laifi. Tun 2014 dole kowane gidan abinci a Ingila ya faɗa miki in girkinsa na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 masu tayar wa mutane da ciwo, alkama na ciki, kuma ba a yarda a rubuta "gluten free" ba sai in gulutin ɗin bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Akwai ƙungiyar Coeliac UK, suna duba kicin ɗin gidajen abinci su ba su alamar GF, wato "gluten free", ki fara da jerinsu.

Amma fa mu matsalarmu biyu ce, ga gulutin ga halal, kuma abin haushin shagunan halal ɗin da ɗalibai suka fi zuwa saboda arha, na kaza da kebab, su suka fi sakaci. Dankali ai ba alkama, haka na ɗauka ni ma, na sai wa yarinyar soyayyen dankali a wani shago kusa da mu ashe a mai ɗaya suke soya shi da kazar da aka turbuɗa a fulawa, kwana uku tana murƙususu wallahi har makaranta ba ta je ba. Tun daga ranar na daina tambayar akwai alkama a ciki, don ɗan kanti zai ce miki babu kuma shi a ganinsa gaskiya ya faɗa. Ki tambaya mai ɗaya kuke suya da shi? Wuƙa da katakon yanka fa, ɗaya ne da na burodi? In kin ga yana kame-kame ko ya ce ai ɗan kaɗan ba komai, ki yi godiya ki fita. Naman dona kebab ma sau da yawa ana cakuɗa shi da garin burodi.

A Rusholme, titin Wilmslow da ake kira Curry Mile, za ki samu biriyani da gasasshen nama na halal, biriyanin yawanci shinkafa ce zalla, sai dai ki kira waya da rana kafin cunkoso ki nemi manaja, kar ki je daren Juma'a ki tsaya dogon bayani, ba mai lokacinki. Gidajen abincin 'yan Najeriya kuma jalof da sakwara da teba lafiya lau, amma semo alkama ce tsagwaronta, lemon malt sha'ir ne, wasu dunƙulen magi ma akwai fulawa sai kin karanta bayan kwali, nan yawanci ana rubuta alkama da baƙaƙe masu kauri.

Gaskiya dai girkin gida shi zai riƙe ki, kuma mu Hausawa mun yi sa'a, tuwon shinkafa, tuwon masara, dawa, gero, acha, waina in ba a sa mata fulawa ba, duk naki ne. In za ki taho da gari kar a kai injin unguwa da ake niƙa alkamar funkaso da alkaki, gara ki sayi na leda a nan. Kilishi kuwa kar ma ki ɗauko, ba a shigo da nama. A hostel kicin ɗaya za ku yi da mutum biyar ko shida, ki ware tukunyarki da muciyarki da matacinki a ɗaki, kar kunya ta sa ki bayar aro.

Ki taho da takardun gwajinki, makon farko ki yi rajista da likitan unguwa wato GP, ki tambaye shi ko yankinku ana rubuta burodin masu siliyak a takardar magani don ba ko'ina ake yi ba, a manyan kantunan Tesco da Asda kuma yana da tsada ga ɗan ƙanƙani. In kin sauka ki yi min magana, akwai tuwo da miyar kuka.