An ware mini kuɗin ƙaro ilimi a ofis, me zan karanta da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci da intanet a ofishinmu a Kaduna. An ware mini naira 800,000 na horaswa, in ban taɓa su ba kafin ƙarshen shekara za su koma asusu. Wasu na cewa in yi kwas ɗin CCNA, wasu na AWS. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kafin ka zaɓi kwas, duba abin da ya fi tayar da kai daga kujera a ofis. In kullum kiran da ake maka shi ne "sabis ya ɗauke" ko "firinta ta ƙi ganin kwamfutata", to matsalarku ta haɗin na'urori ce, kuma CCNA ta kamfanin Cisco ita ce taka. AWS ta kamfanin Amazon kuwa, sai in ofishinku na shirin kwashe bayanansa zuwa rumbun intanet. In ba haka ba, za ka ci jarrabawar, wata shida ka manta rabinta don babu inda kake taɓawa.

Shawarata kada ka zuba kuɗin a kan darussan bidiyo. Karatun kansa ya yi arha yanzu. Packet Tracer, manhajar da za ka haɗa rauta da siwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet) a allo kana gwaji, kyauta Cisco ke bayarwa ta shafinta na koyarwa, Networking Academy. Microsoft Learn, shafin koyarwa na kamfanin Microsoft, shi ma kyauta ne. Abin da ba ya samuwa kyauta shi ne jarrabawa: CCNA dala 300 ce, matakin farko na AWS dala 100, kafin haraji. Tunda da dala ake biya, fara sayen tikitin jarrabawar kafin canji ya cinye maka kasafi, sannan ka kama rana a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar. Ana iya rubutawa daga gida, amma ban ba ka shawara ba. Wuta ko sabis ya ɗauke a tsakiya, ka shiga uku. Ragowar kuɗin ka sayi tsohon siwic na hannu, littafi ɗaya mai kyau da data. Ranar da ka kulle kanka daga siwic ɗin da kuskuren umarni guda, ka kwana kana neman hanyar komawa, ranar ka fara iya aikin.

Ka sani takardar CCNA da ta AWS shekara 3 suke yi, sai an sabunta.

Sai ka je wajen jami'in ma'aikata ka tambaya a rubuce: in ka bar aiki bayan horon, za a ce ka biya? Wasu wuraren na ɗaure mutum shekara ɗaya ko biyu. Ka kuma ajiye kowane rasit, don kamfanin da ke biya wa ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa yana iya neman a mayar masa da har rabin kuɗin da ya biya ta in ya nuna shaidar horaswa, kuma akan so a sanar da hukumar tun kafin a fara kwas ɗin.