Sunan Edward: Daga Ina Ya Fito?

Tambaya: Maigidana yana so a raɗa wa jaririnmu Edward, sunan kakansa. Wata maƙwabciyata ta ce daga Littafi Mai Tsarki aka samo shi. Haka ne? Me yake nufi? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Maƙwabciyar taki ta yi kuskure, babu Edward a Littafi Mai Tsarki. Tsohon Turancin Ingila ne, kalmomi biyu aka haɗa: "ead", wato arziki ko wadata, da "weard", wato mai tsaro. Ma'anarsa dai mai tsaron arziki.

A kula, kada a rikita shi da 'yan uwansa masu farawa da "Ed". Edwin abokin arziki ne, Edmund kariyar arziki, Edgar kuwa mashi ne ya biyo bayan arzikin. Wajen rubuta takardar haihuwa ma akan yi wannan tuntuɓen, sai ki duba harafi-harafi kafin ku bar ofishin.

Da ƙyar sunan ya tsira. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sunayensu irin su William da Robert da Henry suka danne na gargajiya. Sarki Henry na Uku ne ya farfaɗo da shi a 1239, da ya sa wa ɗansa sunan saboda ƙaunar da yake yi wa Sarki Edward waliyyi, wanda ya rasu a 1066. Wataƙila daga nan ruɗanin maƙwabciyarki ya samo asali, domin Katolika na tunawa da wannan waliyyi kowace 13 ga Oktoba. Ɗan Sarki Henry ɗin ya zama Edward na Ɗaya, alhali sarakuna uku sun riga shi ɗaukar sunan. Ba a dai sa su a lissafin ba.

Edward na Takwas ya zo Kano a 1925 yana yarima, aka yi masa hawan daba. A 1936 ya ajiye sarauta don ya auri Ba'amurkiya Wallis Simpson.

Farin jini kuwa, a Amurka sunan yana cikin goma na farko na sunayen maza a farkon ƙarni na 20, yanzu ya fice daga ɗari na farko. A Ingila har gobe yana cikin ɗarin. A gida za ki iya kiransa Ed, Eddie, Ted ko Ned.