Tambaya da Amsa: Wanne Ne Justice League na Gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ranar kasuwa na je shagon masu turi aka sa mini fim ɗin Justice League a memori, na kalle shi cikin awa biyu. Da na ba abokina labari sai ya ce an cuce ni, domin nasa awa huɗu ne, har da wani mugu mai suna Darkseid wanda ni ban gani ba. Shin yanke mini aka yi, ko kuwa nasa ne na bogi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, babu wanda aka cuta a cikinku, kuma mai turin bai yanke komai ba. Naka shi ne wanda kamfanin Warner Bros. ya kai gidajen sinima a watan Nuwamban 2017, na abokinka kuwa shi ne wanda aka saki ta intanet a manhajar kallon fina-finai ta HBO Max ranar 18 ga Maris 2021, da sunan Zack Snyder's Justice League, mai tsawon minti 242.

Darakta Zack Snyder ne ya fara aikin, amma ya ajiye shi a watan Mayun 2017 bayan rasuwar 'yarsa, sai kamfanin ya miƙa wa Joss Whedon, wanda ya sake rubuta wasu wurare, ya ɗauki sababbin fitowa, ya ƙara barkwanci, aka kuma matse labarin ya koma awa biyu. Fim ɗin bai kawo kuɗin da aka sa rai ba, masoyan Snyder kuma suka shafe shekaru suna matsa lamba a kafafen sada zumunta har kamfanin ya amince ya ƙarasa nasa.

Saboda haka kada ka ɗauka cewa na 2021 naka ne da aka yi wa ƙari kawai, domin akwai wuraren da labarin kansa ya canza. Cyborg, jarumin nan mai jikin na'ura wanda a naka kusan ɗan rakiya ne, shi ne ƙashin bayan labarin a na Snyder: an nuna hatsarin motar da ya kashe mahaifiyarsa, an nuna tsamin da ke tsakaninsa da mahaifinsa, kuma mahaifin, wanda ya rayu a naka, a can ya sadaukar da ransa. Steppenwolf, mugun da jaruman suke yaƙa da shi, shi ma an sake masa siffa, an kuma bayyana cewa neman yardar ubangidansa Darkseid ne ya kawo shi duniya, abin da ya ba muguntarsa dalili. Superman ya dawo da baƙaƙen kaya, hatta kiɗan ma ba ɗaya ba ne. Idan kuma ka ga bakin Superman ya yi wani iri a farkon naka, gashin bakin Henry Cavill, wanda ya fito a matsayin Superman, aka goge da kwamfuta, domin a lokacin yana tsakiyar wani aikin da ya hana shi askewa.

A ganina na Snyder ya fi ma'ana, ko da yake yana da jan rai, musamman yawan rage gudun hoto da ƙarshen da ya ƙi ƙarewa. An raba shi kashi shida da rufewa, don haka wanda sai ya kai waya wurin mai caji zai iya kallonsa kashi-kashi cikin dare biyu ko uku. Za ka ga hoton ya tsuke da baƙi a gefe da gefe kamar na tsohuwar talabijin. Haka daraktan ya tsara shi, ba lalacewar memori ba ce. Sai dai ya fi naka zubar da jini, har a Amurka an sa shi a sahun fina-finan manya, don haka ka jira yara su kwanta kafin ka kunna shi a tsakar gida.